Injiniya da Faffaɗan Allo

Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan Injiniya ba. Shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta maimaitawa har mutanen layin suka gaji suka karɓa don a zauna lafiya. A bakinsa, babu na'urar da ta taɓa gagararsa. A zahiri kuwa, duk wanda ya taɓa ba shi gyaran waya ko rediyo, idan ya hango shi tafe sai ya tura abinsa cikin aljihu tukuna su gaisa.

Mutum ɗaya ce tak take jin maganarsa ta ɗauke ta da gaske, ita ce yayarsa. Ita ta goya shi, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har gobe tana nan a kan cewa Auta kai gare shi, dama ce kawai bai samu ba. Mijinta mai hoto ne, shagonsa na bakin titi, tsakanin shagon tela da na mai aski. Ta daɗe tana roƙonsa ya ba ƙaninta kujerar kwamfuta, wato aikin gyara hotuna kafin a buga su. Mai Hoto mutum ne mai haƙuri, amma ba makaho ba ne. Ya yi ta zillewa, har ranar da ta ce masa ita ta tsaya wa yaron, idan ya ɓata aiki ko sau ɗaya, ita da bakinta za ta ce ya tashi. Da wannan sharaɗi Injiniya ya samu aikinsa na farko a duniya da ake yi a zaune cikin inuwa.

Bai daɗe da hawa kujerar ba tafiya ta kama Mai Hoto, aka ɗauke shi aikin ɗaukar wani taro a wani gari. Kafin ya tafi ya bar masa aiki guda. Akwai wani mai ɗaga ƙarfe a ƙarshen layin, kowa Ƙarfe yake ce masa, zai buɗe gidan motsa jiki ranar Asabar. Yana son ƙatuwar fasta da za a rataya a gaban ginin, mai hotuna biyu: na lokacin da yake siriri a rubuta masa DA, na yanzu da ya murɗe a rubuta masa YANZU. Mai Hoto ya ce a jera hotunan, a sa rubutu, a tura wa masu bugawa, kada a taɓa komai bayan haka.

Injiniya ya ce wannan ai ko ido a rufe zai yi shi.

Motar Mai Hoto ba ta gama fita gari ba ya fara kallon allon kwamfutar shagon yana tsaki. Tsohon allo ne mai ƙatuwar ƙeya, tsawonsa da faɗinsa kusan ɗaya. Ya je gida ya zaunar da yayarsa, ya yi mata bayani dalla-dalla cewa a yau duk shagon hoton da ya san kansa faffaɗan allo yake aiki da shi, kuma abokan sana'ar mijinta dariya suke yi masa a bayan ido. Wannan ta ƙarshen ce ta sosa mata rai. Ta amince a sayo, a kan cewa maigidan ya dawo ya tarar da abin mamaki.

Da ya sayo, a bakin layi ya cire shi daga kwali, ya rungumo shi a ƙirji yana tafiya a hankali don kada wani ya ce bai gani ba. Tela ya biyo shi da zare a baki, Mai Aski ya biyo shi da almakashi a hannu. Ya ture tsohon allon ƙarƙashin tebur da ƙafa, ya jona sabon, ya kunna, ya harɗe hannu.

Hoto ya fito, ya cika allon daga wannan gefe zuwa wancan. Sai dai komai ya baje. Agogon da ke kusurwa ya koma kamar ƙwai a kwance. Hoton Mai Hoto da ke fuskar kwamfutar kuwa, kumatu sun tafi gabas da yamma, hancin ya zauna daɓas kamar an taka shi.

Tela ya cire zaren daga baki ya ce, "Yaushe maigidan ya yi wannan ƙiba? Jiya fa muka gaisa."

"Allon zamani ne," in ji Injiniya. "Yana nuna mutum yadda zai zama idan ya samu hutu."

"To Allah ya sa kada ya huta," in ji Mai Aski.

Gaskiyar maganar ba ta da tsawo. A cikin akwatin kwamfutar akwai wani falle da ake kira katin hoto, shi ke aika wa allo abin da zai nuna. Na shagon tsoho ne tukuf, awon tsofaffin alluna kaɗai ya sani. Yana aiko hoto daidai da su, sabon allon kuma yana jan hoton ta gefe da gefe kamar roba don ya cika kansa. Injiniya ya fahimci rabin wannan, kuma rabin shi ne ya fi haɗari a hannunsa. Ya sanar da su cewa kafin la'asar zai koya wa tsohon katin sabon awo, ko ya so ko ya ƙi.

Ya fara da maɓallan da ke ƙasan allon. Ya latsa ɗaya, haske ya ƙaru har Mai Aski ya kare ido. Ya latsa wani, duk rubutun ya koma wani yare da ba wanda ya san ta inda ake fara karanta shi. Tela ya tambaye shi ko yana jin yaren, ya ce yana ji mana, magana da shi ce kawai bai cika so ba.

Daga nan ya shiga intanet neman manhajar katin. Ya tarar masu yin sa sun daɗe da mantawa sun taɓa haihuwarsa. Ya ce hassada ce, ɓoyewa suke yi don a sayi sabo. Sai ya sauko da manhajar katin da ya fi kowanne tsada a shafin, a kan hujjar cewa abin da ya ishi babba ai ya ishi ƙarami har da saura. Kwamfutar ta yi masa gargaɗi, ya danna mata cewa ya ji. Ta sake yi, ya ce ita fa ba ta san da wanda take magana ba. Allon ya ɗauke ɗif. Da ya dawo, launuka sun gudu, 'yan hotunan da ake dannawa sun kumbura guda huɗu sun cika allon, kibiyar da ake nuni da ita ta zama kamar hauya. Ya sha wuya kafin ya maido da abin yadda yake a baje, ya kuma karɓi wannan a matsayin nasara, har yana tambayar ko sun ga yadda ya ceto ta.

Washegari ya ce matsalar a jikin katin take, don haka sai an yi masa tiyata. Ya kwance akwatin, ya zaro katin, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Daidai lokacin Tela ya leƙo riƙe da farar rigar wani da yake yi wa kalmasa. Injiniya ya cika kumatu ya hura katin. Ƙurar shekaru ta tashi gaba ɗaya ta sauka a kan farar rigar, ragowar kuma ta shige hancin Tela. Tsakanin atishawa da atishawa Tela ya faɗi abubuwan da ba a rubutawa, Injiniya kuwa ya ce masa ai da ya sani ya yi sallama kafin ya shigo ɗakin tiyata.

Ya mayar da katin, ya ɗaure, wasu kusoshi suka yi saura a tafin hannunsa. Ya ce masu ƙera kwamfuta na ƙara su ne don ado, ya watsa su a aljihu. Abin da bai lura da shi ba, wayar ƙaramar fankar katin tana nan tana lilo, bai jona ta ba. Ba a jima ba wani wari ya fara tashi, layuka kore da ja suka fara ratsa allon. Ya ruga shagon Mai Aski ya sunkuto fankar tsaye, ya bar wani bawan Allah da rabin kai a aske yana ɗigar gumi. Ya kafa ta a bakin buɗaɗɗen akwatin, layukan suka lafa. Mai Aski ya biyo shi yana faɗa, shi kuma yana amsa masa da cewa kan mutum ɗaya ba zai hana ci gaban layi guda ba.

Ana cikin haka yayar ta shigo da kwanon abinci. Ta shaƙi iska ta tambaya ko wani abu ne ke ƙonewa. Ya ce mata warin koyo ne, haka tsohon kati yake yi idan yana ɗaukar sabon karatu. Ta dubi wayoyin da ke warwatse, ta dubi ƙaninta da baƙin mai a goshi, tausayinsa da alfahari suka cika ta. Ta ce Allah ya ƙara basira, ta ajiye kwanon ta tafi. Tela da Mai Aski suka dubi juna, suka haɗiye dariyarsu, don matar tana da kirki.

Da yamma, yana ta latse-latse cikin yaren nan da yake ji amma ba ya son magana da shi, sai hoton ya tsuke ya dawo tsakiyar allon. Gefe da gefe suka zama baƙi, amma agogo ya koma zagaye, kumatun Mai Hoto suka dawo gida.

"Yauwa," in ji Tela daga bakin ƙofa. "Ga maigidan kamar yadda muka san shi. Bar shi haka."

Injiniya ya ji kamar an mare shi. A bar shi haka? Allon da ya rungumo tun daga bakin layi kowa na kallo, a ce rabinsa kawai ke aiki, gefe biyu na zaman banza? Gobe a ce me aka ƙara a kan tsohon? Ya ce wa Tela ko shi idan aka ba shi yadi biyar zai ɗinka uku ya zubar da biyu. Tela ya ce in dai ukun ne daidai da jikin mai rigar, sosai ma. Injiniya ya ce shi ya sa har yanzu yake tela. Ya latsa, ya latsa, har hoton ya sake bajewa ya cika allon, kumatun suka koma inda suka fito. Ko da zai so komawa baya daga nan, bai san ta inda ya bi ba.

A nan ne babbar dabara ta faɗo masa, har sai da ya miƙe tsaye don girmama ta. Tunda katin ya ƙi koyon awon allo, ai sai a gyara hotunan su dace da allon. Duk hoton da ya baje, a kama shi ta gefe a matse har ya yi daidai a ido. Ya yi mamakin yadda masu ƙera kwamfuta duk da digirorinsu ba su taɓa tunanin haka ba.

Ranar Alhamis Ƙarfe ya zo duba aiki. Sai da ya karkace kafin ya shige ƙofar. Mutum ne mai sanyin murya, irin waɗanda ba su taɓa buƙatar ɗaga ta ba. Injiniya ya buɗe masa hotunan. A faffaɗan allon, hoton DA ya fito da ɗan kauri, Ƙarfe ya yi murmushi ya ce ashe tun can yana da jiki, mutane ne ba su lura ba. Da ya dubi hoton YANZU sai murmushin ya ɗauke. Wani abu ne a tsaye kamar durom an ɗora masa kai.

"Shekaru na yi ina gina ƙirji," in ji shi a hankali, "ba tumbi ba."

"Kyamara ce ta zalunce ka, ranka ya daɗe. Tsaya nan ka ga aiki."

Ya tsayar da shi kusa da allon, ya rufe ido ɗaya, yana duban mutum yana duban hoto yana matsewa. Fuska ta dawo daidai. Ƙarfe ya ce a ɗan rage ƙugun. Injiniya bai san yadda ake rage ƙugu shi kaɗai ba, don haka ya ƙara matse mutumin gaba ɗaya. Ƙarfe ya ce ƙara kaɗan. Ya ƙara da yawa. Suka rabu kowa na yabon kowa, Ƙarfe har ya dafa masa kafaɗa, dafawar da ya kwana yana jin ta.

Bayan fitarsa Injiniya ya lura matsewar ta bar fili a tsakiyar fastar. Shi kuwa, kamar yadda aka gani, ba ya iya kallon fili ya ƙyale. Ya kama hoton DA ya ja shi ta gefe har ya cike gurbin. A allon ya yi muni ƙwarai, amma ya ce hoton DA ai ba don kyau ake sa shi ba. Ya tura wa masu bugawa. Ba a jima ba mai injin bugawar ya kira shi a waya, yana tambaya cikin ladabi ko ya tabbata haka yake son mutumin ya fito. Injiniya ya ce masa shi aikinsa bugawa, tunani kuwa a bar wa masu shi. Da aka kawo fastar a naɗe, Mai Aski ya ce a warware a duba. Injiniya ya ce mai shakkar aikinsa ne ke dubawa.

Ranar Asabar aka kafa rumfa a gaban gidan motsa jikin, aka jera kujeru, lasifika na ta kiɗa. Samari sun yi layi don yin rajista. An ɗaure fastar a naɗe a saman bene, igiya na lilo. Mai Hoto ya sauka daga mota ke nan, ko gida bai je ba ya wuto da kyamararsa. Matarsa ta ci ado ta zauna a sahun gaba, ta riga ta gaya wa duk matar da ke kusa da ita cewa ƙaninta ne ya yi aikin.

Ba wanda ya gayyaci Injiniya ya yi jawabi, amma makirufo ya tsinci kansa a hannunsa. Ya ba da labarin tsohon kati mai taurin kai, da yadda masana na ƙasashen waje suka sallama, da yadda shi ya zauna da shi har ya ji magana. Ya ce abin da za su gani yanzu ba a taɓa yin irinsa a layin ba. A nan kam ya faɗi gaskiya.

Ƙarfe ya ja igiya, fastar ta warware har ƙasa.

A hagu, ƙarƙashin DA, ga wani saurayi kakkaura, kafaɗu a buɗe, wuya cike, lafiya na zuba daga jikinsa. A dama, ƙarƙashin YANZU, ga wani dogon bawan Allah kamar an zare shi ta ramin ƙofa. Fuskar ta yi tsawo har haɓa na neman ƙirji, idanu sun matso suna gaisawa, hannuwa kamar muciya, yana ɗaga wani ƙarfe da ya fi shi ban tausayi. A sama kuma da manyan baƙaƙe an rubuta: ZO MU MAYAR DA KAI HAKA.

Wata tsohuwa a sahun baya ta ce Allah sarki, Allah ya ba shi lafiya, ta tambayi na kusa da ita wace cuta ce. Wannan tambaya ita ta ɓalle dariyar. Mai Aski ya durƙusa riƙe da ciki. Tela ya ce ko yadi ɗaya ya ishi na daman riga da wando har da hula. Layin samarin nan ya fara gajarcewa ta baya, kowa na tuna wani aike da aka yi masa.

Ƙarfe bai ɗaga murya ba. Ya tako ya karɓi makirufon ya kashe, ya kama Injiniya ta wuyan riga ya tambaye shi ko wane ne wancan.

"A allona daidai yake," in ji Injiniya, ƙafafunsa na neman ƙasa. "Wallahi daidai yake. Masu bugawa ne. Mu je ka gani."

Aka ɗunguma zuwa shagon hoto, Ƙarfe a gaba riƙe da shi, jama'a a baya, waɗanda ba su samu shiga ba suka maƙale a taga. Injiniya ya faɗa kujerarsa ya buɗe aikin. Ga YANZU nan a faffaɗan allon, mutum sosai, ƙirji a cike. Nan take ransa ya dawo, muryarsa ta dawo har da ƙari. Ya juyo yana tambayar jama'a ko yanzu sun ga wanda ya yi kuskure, ya ce shi dama ya san za a yi masa zagon ƙasa.

Mai Hoto ya dubi buɗaɗɗen akwatin, ya dubi fankar Mai Aski, ya dubi tasa fuskar da ta baje a kusurwar allon. Ya sunkuya ya jawo tsohon allon daga ƙarƙashin tebur, ya share shi da hannun riga, ya zare waya daga sabon ya jona masa. Allon ya yi ƙyafta-ƙyafta ya kawo. Dogon bawan Allahn nan na jikin bene ya bayyana, yana kallonsu da idanunsa masu gaisawa.

Ƙarfe ya ce a sake masa fasta kafin gobe, kuma ba ya son ya ga hannun wannan a ciki. Mai Hoto ya ba shi haƙuri, ya ce shi da kansa zai yi. Daga nan ya juya ya dubi matarsa. Bai tuna mata komai ba, kuma ba ta buƙatar tuni. Tana tsaye a bakin ƙofa cikin adonta, matan da ta gama yi wa albishir suna bayanta. Kunya ta kama ta har wuya, amma abin da ya fi kunyar ciwo shi ne wanda za ta kora ɗan da ta goya ne.

Injiniya ya ga fuskarta, karo na farko a ranar tsoro na gaske ya shige shi. Na Ƙarfe ashe wasa ne.

"Yaya, ke ma ai kin gani. A wancan allon daidai yake."

"Na gani, Auta," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ni ma haka na daɗe ina ganinka, ka cika mini ido. Yau ne aka buga ka kowa ya gani. Tashi ka ba su kujerarsu."

Ya tashi. Mutanen bakin ƙofa suka dare suka ba shi hanya, kuma ko Mai Aski bai ƙara yin dariya ba.